Gurbin Tasar Inna Habi

Jiya jikata Zainabu ta zo da ƙawayenta biyu, suka baje a tabarmata suna nuna mini hotunan ɗakunan da suke ƙawata wa mutane. Wai yanzu tsohon kaya ake yayi. Sun shiga kasuwa sun kwaso tsofaffin faya-fayai da akushi da wata fitilar ƙwai da ta mutu tun ba a haifi iyayensu ba, sun rataye a bango, masu kuɗi suna biya. Na ce madalla, ashe har gobe da tsohuwar zuma ake magani. Sai ɗaya daga cikinsu, mai bakin nan, ta ce, "Hajiya, ai naku na da ba shi da wuya. Laka ce kawai a kwaɓa a manna kwano a bango." Na yi dariya har sai da tari ya sarƙe ni. To, tunda laka ce kawai, ku gyara zama ku ji.

Sana'ata jere ce. A Kankara ta zamaninmu, ɗakin mace a bango yake nuna kansa. Bangon da ke kallon ƙofa shi ake cikawa da tasoshin tagulla da kwanoni da farantai, a danna gindinsu cikin laka, cikinsu yana kallon mai shigowa, sahu bisa sahu tun daga tsayin gwiwa har kusa da rufi. Mai hali takan sayi sabo. Ni kuwa da tsohon kaya nake aiki: wanda aka gaji da shi, wanda aka gada ba a so, wanda aka sayar a ɓoye. In nemo, in gyara, in jera, har mai shigowa ta kasa gane wanne ne ya taɓa zama a wani gida.

A hannun Gwaggo Kulu na koya, ƙanwar mahaifina. Shekara biyu cur ba ta bar ni na taɓa bango ba. Aikina in zauna gindin durumi da toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya ina gurzar tasoshi. In na kawo mata wadda na gama, sai ta ɗaga ta saitin fuskata ta ce, "Ke Ladi, mi kike gani cikin tasar ga?" In na ce ina ganin kaina, sai ta ce, "Ƙirga mani haƙoranki." In ban iya ƙirga su a ciki ba, sai in koma gindin durumi. Na sha kuka a gindin itacen nan, ba na ɓoye muku.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma duk a ƙunshi ɗaya suke tafiya. Akwai zare da ƙusa na awo. Akwai wata guntuwar lauje da ake kankare bango da ita. Akwai dutsen guga mai santsi daga rafi. Sai abin kwaɓi. Lakar kuma ba kowace ƙasa ba ce. Ƙasar shuri ce da gara ta riga ta tauna, a tankaɗe ta, a haɗa da kashin jaki da ruwan makuba, a bar ta ta kwana uku tana ruɓa. In ta yi tauri tasa ba ta shiga, in ta yi ruwa tasa ta zamo ta faɗo kan mai ɗaki tana tsakar cin tuwo, sunanki ya ɓaci daga nan har Faskari. Gwaggo tana da dokoki biyu a kan abin kwaɓi. Ba a wanke shi, don a cewarta tsohuwar laka ita ke koya wa sabuwa kamu. Kuma kafin a fara aiki sai an ƙwanƙwasa bakinsa sau uku da lauje, an yi bisimilla. Ban taɓa tambayarta dalilin ƙwanƙwasawar ba, na dai ɗauka na ci gaba.

Amma babbar dokarta a kan shaida take. Kun san kowace mace tana yi wa kwanonta alama a gindi don kada ya ɓata a gidan biki. Wata ta ɗiga fenti, wata ta ja layi da wuƙa, masu tasar tagulla kuma su sa ƙusa su yi ɗigo biyu ko uku. Duk kayan da ya shigo hannunmu, kafin a yi masa komai sai an sa dutsen guga an shafe wannan shaida tas. Kuma ba a tambayar dillaliya daga wane gida ya fito. Gwaggo ta ce tana yarinya an taɓa cire wata tasa a bango za a sake mata laka, wata baƙuwa ta juya gindinta ta gane shaidar maƙwabciyarta. Kafin la'asar gari ya san gidan wane sun sayar da kayan ɗaki, gidan wane kuma tsohon kaya suka jera. Gida biyu aka kunyata da tasa guda. "Mu ba kwano muke saidawa ba," in ji ta, "asiri muke ruhewa." Ta rasu shekara guda kafin fari, Allah ya jiƙanta, ba ta ga abin da ya biyo baya ba.

Shekarar farin nan ruwa ya ɗauke gero yana ciki. Kafin a kai tsakiyar rani, mata suka fara ɓamɓare kayan bangonsu. Dillalai su zo mini da su a naɗe cikin tsumma, laka na manne a gindi, wani lokaci har da ɗumin ɗakin da suka fito. Yayana yana noma wajen Sabuwa, inda aka ɗan fi mu samun ruwa, shi ke aiko mini da dawa, ni kuma in auna in ba dillalai. Ban yi alfahari da cinikin nan ba, kuma ban ji kunyarsa ba, don a lokacin tiyar dawa ta fi tagulla daraja a wurin mai yara. Ɗakina ya cika har ba wurin shimfiɗa. Daga safe zuwa yamma ina zaune ina shafe shaida, har fatar yatsuna ta saluɓe. A cikin wannan hidima ƙwaryar kwaɓina ta fashe, na zari wata babbar tasa a cikin tulin, wadda ba ta zama daidai in an ajiye ta, na ce ba mai sayen wannan, na ci gaba da kwaɓi a ciki. Babu wanda ya kira ni jere a shekarar. In ka shiga ɗakin mace sai ka ga bango rami-rami, kowane rami da siffar abin da ya bar shi, mai ɗakin kuma ta riƙa janyo hira don kada ka kalli wajen.

Ba a fi shekara biyu ba sai duniya ta juya kamar an yi mafarki an farka cikin wani. Aka ce ƙasa ta samu mai. Mu dai ba mu ga man ba, amma mun ga abin da ya tura. Manyan motoci suka cika hanyar Sheme, samari suka tafi aikin titi da gine-gine suka dawo da rediyo a kafaɗa da agogo a hannu. Kwanoni masu fure suka shigo kasuwa sahu-sahu, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Matan da suka tsira da tasoshinsu a lokacin yunwa, yanzu da kansu suke cire su, wai sun zama kayan tsofaffi. Da safe in na bi bayan gidaje sai in tsinci abin da a da sai an yi gado ake samu: akushi na baƙin itace da ɗan tsagu, kwalaben turare masu wuya, ƙwallayen tagulla na kan tsohon gadon ƙarfe. Aka kuma canza kuɗi, anini da kwabo mai huda suka zama abin wasan yara. Ni kuwa na riƙa bin gida-gida ina karɓarsu da musayar ƙuli-ƙuli.

Akwai wani ɗaki da na yi a Yargoje wanda har yau in na rufe ido ina ganinsa. Matar wani manomi ce, sunanta Hansai, ta haihu za a yi suna, dangin miji za su zo daga nesa, ita kuwa abin da ta mallaka marafan langa bakwai ne waɗanda kwanoninsu suka tafi a shekarar fari. Ta fito da su tana sunkuyar da kai. Na ce ta ba ni kwana biyu. Na jera marafan nan kamar bakan gizo a saman bango, na zagaye kowanne da aninai da na gurza har suka yi fari. A tsakiya na sa madubin wata babbar mota da ta faɗi a kwanar Sheme, wanda na saya wurin wani makaniki. A ƙasa na gina 'yar kanta ta laka, na jera kwalaben turare, na zuba musu ruwan da na rina da shuni da lalle. Wani tsohon zanen saƙi da asu ya ci gefensa na yanke na yi labule. Ranar suna wata gwaggon mijin ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Wannan kaya daga Kano anka kawo su?" Hansai ta kalle ni, ni kuma na kalli rufi.

Sai dai abin da ya kawo mini kaya shi ya zo ya kashe mini kasuwa. Siminti ya shigo. Laka ba ta kama siminti, ko kin kwana kina roƙonta. Kabad mai gilashi ya shigo, mace ta jera kwanoninta da kanta ta kulle da ɗan makulli. Daga ɗaki goma a wata na koma ɗaki biyu, daga biyu na koma sai an tuna da ni. A cikin wannan yanayi ne aka aiko mota har ƙofar gidanmu, aka ce Alhaji Mamman na Sheme yana nemana.

Alhaji Mamman yaron mota ne a da. Cikin shekara huɗu ya mallaki manyan motoci uku, ya je Makka, ya rushe gidan ubansa ya tayar da na bulo. Ɗaki ɗaya ya rage na ƙasa a tsakiyar gidan, kamar tsohuwar akuya cikin garken raguna, kuma a ciki mahaifiyarsa take, Inna Habi. A zaure ya tare ni, yana magana yana juya makullin mota a yatsa.

"Malama Ladi, na gina mata ɗaki da siminti da taga, ta ƙi shiga. Na ce to a shahe bangon nata da siminti, ta ce sai bayan ranta. Baƙi na shigowa gaishe ta, su ga bango rami-rami, su hita suna cewa uwar Alhaji ce wagga. Kowa ya gani ya san mun yi yunwa. Ni na gaji. Na yi odar siminti, nan da kasuwar Sheme ukku zai iso. In kin cike ramun nan yadda za ta yarda, in bar mata ɗakinta. In ba haka ba, wallahi ɗaukarta za a yi a kai ta sabon, a rushe wannan."

Na yi sallama na shiga. Tsohuwa ce 'yar firit, tana zaune bakin gado, yana ta rufe mata ido biyu har sun yi fari. Ba ta ganin fuska, sai dai ta bambance haske da duhu. Ƙofar ɗakin gabas take kallo. Na durƙusa na gaishe ta, na juya na kalli bangon. Rami talatin da ɗaya na ƙirga, sahu biyar, aikin wata gwana ta da can. A tsakiyarsu akwai babban gurbi guda, faɗinsa ya kai kamu biyu.

"Wancan ya aiko ki?" in ji ta. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Na ce, "Shi ne, Inna."

"Shi kunya yake ji. Ni kuwa kullum da sahe sai na bi su da hannu na gaishe su. Wannan ta ciyar da mu kwana biyu. Wannan kwana huɗu. In anka shahe su da siminti, wa zai tuna sun yi mana rana?"

Na ce ba shafewa na zo yi ba, cikewa na zo yi. Ta ce in gwada ta ji. Na kwance ƙunshina, na zuba laka a tasar kwaɓi, na ƙwanƙwasa bakinta sau uku da lauje, na yi bisimilla. Sai na ga tsohuwa ta ɗago kai ta karkato kunne wajena. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Yi aikinki."

Ƙananan ramukan ba su ba ni wahala ba. Yawancinsu na farantai ne da kwanoni 'yan kanti, masu girma ɗaya, kuma ina da irinsu tuli. In auna da zare, in zaɓo, in miƙa mata ta shafa, ta ce to, in manna. Cikin kwana huɗu na cike talatin. Da na zo kan babban gurbin, na fito da wata tasar tagulla mai zanen ganye, wadda ta fi duk abin da na mallaka kyau. Ta shafa ta, ta miƙo mini.

"Waɗancan duk baƙi ne, na kuwa karɓe su, baƙo rahama ne. Amma gurbin ga ba shi karɓar baƙo. Kawo hannunki."

Ta kama yatsana ta kai cikin gurbin. A can ƙasa na ji ƙuraje uku a jere, ƙanana kamar ƙwayar gero, wato inda ɗigon ƙusa ya bar sawunsa a laka. Gefensu kuma wani tudu kamar babban yatsa, alamar tasar tana da lotsawa a wurin. Ta ce tasar kakarta ce, maƙeri ya buge ta da hannu, babu mai irinta. Lotsawar kuma saniya ce ta taka ta tun uwarta tana amarya. Ita ta cire ƙarshe a shekarar fari, ta ba wata dillaliya a Kankara, aka kawo mata dawa tiya biyar.

"Da tana nan," in ji ta, "in rana ta hito ta kai bakin ƙohwa, sai ta faɗa cikinta, ta watso bisa ruhi, haske ya riƙa rawa kamar ruwa. Da shi nike sanin hantsi ya yi. Yanzu da idon ga ya tahi, shi kaɗai nike jin zan iya gani."

Ni kuwa na san duk tasar da ta bi ta hannun dillalan Kankara a shekarar nan, wurina ta ƙare. Na kuma san abin da na yi wa ɗigo ukun da hannuna. Dokar da muke rufa wa mutane asiri da ita, ita ta ɓatar mini da sawu. Abin da ya rage lotsawar ce kawai. Na barbaɗa toka a gurbin, na danna ɗanyar laka a ciki, na zaro ta a hankali, ta fito da siffar gindin tasar sak. Na shanya ta ta bushe, na naɗe a gefen zane.

Na zauna na tuno manyan tasoshin da na jera tun daga shekarar fari, na samu tara. Ga wahalar: gindinsu yana cikin bango, sai an ɓamɓare ake gani. Sai na riƙa zuwa ina cewa na zo sabunta laka kyauta, kada damina ta zubo da kaya. Wata ta yi murna, wata ta bi ni da kallon mai neman wani abu. Na je Mabai a ƙasa, na cire biyu, na mayar. Na hau bayan motar hatsi zuwa Faskari, na cire uku, na mayar. A Sabuwa na tarar an rushe ɗakin da na yi, an tayar da na bulo, tasar kuma tana bayan gida kaji na shan ruwa a ciki. Na zubar da ruwan, na juya ta, gindinta sumul kamar tafin jariri. Biyun da na cire a Yargoje ma haka. Kwanakin nan ko ido na rufe a mota tasoshi nake gani suna juyawa a sama, kowace ta juyo mini gindi, babu lotsawa. Kasuwar Sheme ta ci sau ɗaya, ta ci sau biyu. Ta tara na cire ana gobe kasuwa ta uku, a nan cikin Kankara, ita ma ba ita ba ce.

Na koma Sheme da azahar da niyyar yin abin da Gwaggo ba za ta yafe mini ba: in kankare gurbin, in faɗaɗa shi, in sa mai zanen ganye, in lallashi tsohuwa. Na tarar an riga an fara fitar da kayanta ƙanana ana kaiwa sabon ɗaki. Da ta ji ƙarar lauje a bango sai ta ce, "Ladi, aje. Kada ki taɓa shi. In rushewa ce, a rushe shi da ƙurajenshi. Kin yi iyakar yinki, Allah shi yi maki albarka."

Na fito tsakar gida na zauna gindin randa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don ladan aiki ba. Na ga dai sana'ar ta ƙare, wannan ne bango na ƙarshe da za a kira ni, shi ma gobe za a kayar. Na ce to, tunda babu sauran sabuwar lakar da za a koya wa kamu, me ake da tsohuwa? Na jawo tasar kwaɓi na tsoma ta cikin ruwa, karo na farko cikin shekara huɗu. Laka ta jiƙa ta fara saɓulewa ɓawo-ɓawo. Na juya ta ina cuɗa gindin, sai babban yatsana ya faɗa wani ɗan kwari ya zauna daram. Na san kwarin nan. A nan nake tallabe ta kullum in ina kan aiki, ta bisa laka, ban taɓa kawo komai a raina ba. Na kwance gefen zane na fito da busasshiyar lakar da na yawata da ita gari-gari, na ajiye su gefe da gefe. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Na shiga ɗaki da ita tana ɗigar ruwa, na ɗora wa Inna Habi a cinya. Ta zagaya bakinta da tafin hannu, ta juya ta, yatsanta ya tafi kai tsaye wurin lotsawar. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

Na ce, "Inna, kin sani?"

"Tun randa kinka shigo kinka ƙwanƙwasa ta. Laka ta dushe mata murya, amma ai ba a ɓace muryar gida."

"Kika bar ni na bi Mabai da Faskari da Sabuwa, Inna? Kika bari za a rushe ɗakin?"

"Ɗiyata, na saida ta, na ci dawar, ɗiyana sun rayu. Abin da na saida da yunwa ba ni roƙonshi da ƙoshi. Kuma da ita kike cin abinci. In ce ki ba ni abin sana'arki don in ga haske? Na ce in rabona ce, za ta gaya maki da kanta."

Na tashi na nemi toka da tsamiya. Na zauna bakin ƙofarta na gurji tasar nan har la'asar sakaliya, har na ƙirga haƙorana a ciki. Sannan na ɗauko ƙusar awo da dutsen guga. Na duba busasshiyar lakar, na auna, na kifa tasar a kan turmi, na buga ɗigo uku a jere daidai inda na shafe su. Shaidar da na shafe a rayuwata ba ta ƙirguwa, wannan kaɗai na taɓa mayarwa. Na ari wata ƙwarya na kwaɓa laka, na shafa siririya a gefen gurbin don kada ta cike ƙurajen, na ɗaga tasar na juya ta a hankali har na ji ta faɗa mazauninta. Ko ƙwayar gero ba za ta shiga tsakaninsu ba.

Washegari da sassafe motar siminti ta iso, muna jin ƙuginta a waje da hayaniyar masu saukewa. Alhaji Mamman ya shigo da magina biyu a bayansa, ya tsaya bakin ƙofa. Na ce ya ɗan matsa gefe, yana tare hanya. Ya kalle ni, ya matsa. Tsohuwa tana zaune bakin gado da carbi. Rana ta haura katangar bulo, ta sauko tsakar gida, ta taka dokin ƙofa, ta hau bangon sahu-sahu, farantai suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai tsakiya sai tasar ta cika, ta watsa bisa rufi, haske ya shiga rawa a jikin azara kamar an ɗaga rafi an kifa a saman ɗakin. Alhaji ya cire takalmi ya shigo ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya juya ya ce da maginan, murya ƙasa-ƙasa, su kai simintin bayan gida, a yi wa shanu wurin shan ruwa.

Daga ranar na koma kwaɓi a ƙwarya, kuma ban ƙara yin ɗaki biyar ba sana'ar ta tsaya. Don haka ke mai cewa laka ce kawai, in kin sayo tsohon akushi gobe, kafin ki rataye shi ki juya gindinsa ki duba. Wata ce ta yi wannan alamar, kuma akwai bangon da ya bari.

Inna Habi ba ta san ɗanta ya shigo ba a safiyar nan. Fuskarta tana sama, fararen idanun nan a buɗe, hasken yana wasa a kansu. Ta ajiye carbi ta ce, "Ladi, hantsi ya yi. A sako awaki."